Ikon Mai Fili da Hakkin Gari

Akwai wata magana da a kan ji a bakin mutum in an taɓa shi a kan abin da ya yi da filinsa. Sai ya ce, "Filina ne, da kuɗina na saya, ga takardata. In na ga dama in gina, in na ga dama in bari." Wannan magana tana da ƙarfi, gama kowa ya sani ba a zaman lafiya a garin da ba a tsare wa mutum dukiyarsa. Amma bari mu auna ta da misalai biyu.

Wani attajiri ya sayi kududdufin unguwa, ya sa motoci suka yi ta juye ƙasa har ya cika, ya jera kantuna a kai. Wani kuma talaka ne, akwai tsohon durumi a ƙofar gidansa, ya sare shi, ya kafa ɗan shago don ya riƙa samun na cefane. A cikinsu ba wanda ya shiga iyakar wani ko da taƙi guda, ba wanda ya ɗauki tsinken kowa. Mu ce kuma takardunsu sun cika, alƙali ya duba bai ga abin kamawa ba. To, shin sun ci hakkin wani, ko ba su ci ba? In sun ci, hakkin wa? Mene ne kuma ya wajaba a kansu, da kan maƙwabtansu, da kan hukuma? Wannan ita ce tambayar da za mu bi, mu ga inda za ta kai mu.

Abin da ya sa tambayar ta yi nauyi

Da a ce damina da bazara suna nan yadda kakanninmu suka san su, da sai a ce wannan gardama ce ta masu zaman hira. Amma yanayin duniya ya sake. Tun sa'ad da aka fara tafiyar da injuna da kwal a Ingila, yau fiye da shekara 200 ke nan, sa'an nan aka zo ga man fetur da gas, hayaƙin masana'antu da motoci da jirage ya yi ta taruwa a sama. Ya zama kamar bargo. Hasken rana yana ratsa shi ya sauko, amma zafin da ƙasa ta sha ba ya samun hanyar fita duka. Masana sun ce shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo, ta ɗara zamanin da ba a yi injuna ba da wajen digiri 1.5. Kada ka raina wannan, mai karatu. Jikin mai lafiya digiri 37 ne, in ya hau 38.5 sai a ce zazzaɓi, a nemi magani.

Wannan zazzaɓi na duniya yana shigo wa birane ta ƙofa biyu. Ta fari ita ce zafi. Ran 3 ga Afrilu 2024 ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A kwanakin nan aka yi ta kai tsofaffi asibiti a Bamako, da yawansu ba su koma gida ba. Birni kuwa ya fi ƙauye shan wuya, don kwano da kwalta da siminti su kan sha rana dukan yini, da dare su yi ta amayar da zafin, har mai kwana a waje ma ya rasa barci.

Ƙofa ta biyu ita ce ruwa. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar laima. Ko wane digiri guda da ya ƙaru, tana iya ɗaukar ƙarin wajen kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuwa tilas ta sauke. Dattawa suna tune da farin 1973 da na 1984, sa'ad da a ke neman ruwa ido rufe. Ruwan ya komo, amma da wata kama: a kan yi kwanaki ba ɗigo, sa'an nan rana ɗaya ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Masana da suka bi hotunan gizagizai daga 1982 zuwa 2016 sun tarar irin wannan gagarumin hadari ya ninka sau uku a ƙasashen bakin hamada, watau ƙasashenmu.

Mun kuwa ga abin da ya biyo baya. A 2020 kogin Kwara ya cika, ya karya datsiya, ya shiga unguwannin Yamai. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan guda da gidajensu, a daminar nan ce kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari a Kano ya jiƙa atamfa da shadda na dukiya mai yawa. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri cikin dare. A Mayu 2025 ruwan dare ɗaya ya share unguwanni a Mokwa, aka rasa rayuka fiye da 150.

Yadda tsohon birni ya ke shan ruwansa

Mu duba Kano ta dā. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, wajen shekara 900 da suka wuce, aka yi ta faɗaɗa ta daga baya. Abin da ke cikinta ba gidaje kaɗai ba ne, akwai gonaki da filayen kiwo masu faɗi. Gidajen kuwa na ƙasa ne. Duk unguwar da za ta yi gini, sai ta haƙi ƙasa kusa da ita ta yi tubali, ramin da ya rage shi ne kududdufi. In an yi ruwa, ya sauko daga indararo, ya bi lungu ya faɗa kududdufi. In wannan ya cika ya tumbatsa, ya gangara na gaba, har ya kai Jakara, wadda ta ratsa ta gefen kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, ta fita da shi bayan gari a hankali. Wanda ya rage ya yi ta nutsewa cikin ƙasa yana ciyar da rijiyoyi. Da rani a sami na kwaɓa ƙasa, da na dabbobi, da na lambu. Itatuwa kuwa, sunayen wurare sun isa shaida: ga Kurmi, ga Rimi, ga Durumin Iya, ga Rimin Kira.

Ba za mu ce mutanen dā sun haƙa kududdufi don tsoron ambaliya ba, ƙasar gini suka nema. Amma ka lura da abin da wannan ya haifar. Ko wane soro da aka ɗaga, ya zo da ramin da zai karɓi ruwansa. Gari yana girma, ma'ajiyar ruwansa tana girma tare da shi. Yau bulo da siminti daga nesa a ke kawo su, gida ya tashi ba raminsa, sau da yawa ma a kan tsohon ramin a ke gina shi. A ƙidayar 1952 mutanen Kano wajen 130,000 ne, yau miliyoyi a ke lissafawa. Rufin kwano ya ninka ba iyaka, kududdufai kuwa sai raguwa su ke yi. Wannan labari ba na Kano kaɗai ba ne, duk tsohon birnin ƙasar Hausa da ka shiga za ka tarar da irinsa.

Ɗan lissafi

Ɗauki alli mu yi lissafi. Fuloti guda ƙafa 50 ne faɗi, ƙafa 100 tsawo. In an yi ruwa mai ƙarfi na inci 2, watau milimita 50, abin da ya sauka a kan wannan fuloti ya fi lita 23,000. In ka zuba a duro mai cin lita 200, za ka cika fiye da duro 100. In fulotin ƙasa ce da ciyawa da itace, ƙasa za ta sha rabonta, sauran ya tafi sannu sannu. In kuwa an rufe shi da kwano, an daɓe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, kusan duk duro 100 ɗin nan za su fita titi cikin sa'a guda. Unguwa mai gida 1,000 ke nan ta saki duro fiye da 100,000. Ina za su? Ruwa ba ya hawa tudu, ba ya kuma karanta takardar fili. Zai nemi inda ya saba kwana. In ya tarar da kantuna a wurin, ya wuce gaba ya nemi mafi kwari, a can kuwa galibi talaka ne, mai katangar ƙasa wadda ba ta jimre ruwa ya kwana a gindinta.

Itace ma yana da aikinsa. Ka san yadda tulu ya ke sanyaya ruwa: laima ce ke tsattsafowa ta jikinsa, iska ta ɗauke ta, ta tafi da zafi. Haka itace ya ke yi wa unguwa. Yana jawo ruwa daga ƙasa, ya sake shi ta ganye, iskar da ta ratsa shi ta fito da sanyi. Inuwarsa tana hana bango da ƙasa su gasu. Ganyensa yana karya ƙarfin ruwan sama, saiwarsa tana buɗe wa ruwa hanya cikin ƙasa, da hunturu kuma ya tare ƙura.

Daga nan sai mu gane fili yana da abu biyu: yana da jikinsa, yana da kuma aikin da ya ke yi wa gari. Jikin shi ne a ke aunawa da igiya a rubuta a takarda. Aikin kuwa ba a rubuta shi ba, amma gida ɗari sun dogara da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a al'adarmu. In burtali ya bi gefen gonarka, ba ka da ikon nome shi. In rijiyar unguwa tana ƙofar gidanka, ba ka sa mata kwaɗo. Kowa ya sani kuma ba ka juya indararonka ya zuba cikin gidan maƙwabci, ko da ya ke soron naka ne, indararon ma naka ne. In ka yi, mai unguwa zai zo ya ce ka gyara. To, wanda ya cike kududdufi ya juya indararo ɗari a kan mutanen da bai taɓa gani ba. Don ba ya ganinsu, ba shi ne ya sa suka daina zama maƙwabtansa ba. Ruwa ya haɗa su maƙwabtaka. Ashe ke nan attajirin nan ya ci hakki, ko da bai yi niyya ba, gama ya sayar da aikin da ba nasa ne shi kaɗai ba, ya sa kuɗin a aljihu, ya bar wa wasu biyan bashin.

Abin da masu musu za su ce

Adalci ne mu saurari masu wata magana dabam, don suna da hujja.

Wani zai ce, "Kududdufi gidan cuta ne." Gaskiya ne, ba kuma yau aka fara faɗa ba. Baturen nan Kilafatan da ya shigo Kano a 1824 ya koka a kan fadamar tsakiyar gari da ramukan da ruwa ke kwana a ciki. Sauro, da tsargiya, da kurkunu, da yaran da su kan nutse, duk ba ƙarya ba ne. Amma mu tambaya, me ya kawar da kurkunu? A 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi, ta hanyar tace ruwa da samun ruwan sha mai tsabta, alhali kududdufai suna nan. Sauron zazzaɓi kuwa ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka, irin wanda ke kwana a sawun mota. Kududdufi mai zurfi da kifi a ciki, kifin yana cinye ƙwayayensa da tsutsarsa. In ka cike babban rami guda, ruwansa ya watsu ya zama ƙananan ramuka ɗari. Abin da ke sa kududdufi wari shi ne juji da leda da bayan gida da a ke tura masa. Maganinsa a yashe shi, a hana zuba shara, a gyara bakinsa, a kewaye shi don yara, a dasa itatuwa. Wanda kansa ke ciwo magani ya ke nema, ba ya neman mai yanke kai.

Wani zai ce, "Mutane sun yi yawa, ina za su zauna?" Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba a kuma amsa ta da faɗa. Mutumin da haya ta kore shi, ya sami fili mai araha a bakin fadama, ba mugu ba ne. Amma ɗakin da ruwa zai ci bayan damina uku, tare da gado da hatsi, wani lokaci har da yaro, arahar nan ta zama tsada. Wanda ya yanka fadama ya sayar masa, ya san abin da ya sayar.

Wani zai ce, "A yi manyan kwatoci na siminti, shi ne ci gaba." Lalle birni ba ya yi sai da kwata da kwalbati. Amma aikin kwata ta ɗauke ruwa daga nan ta kai shi can da sauri. In duk gari ya tura ruwansa lokaci guda, wanda ke ƙarshen kwata shi zai sha. Kududdufi da fadama da ƙasa buɗaɗɗiya su ke riƙe ruwa, su ba kwata lokaci ta kwashe. Ɗaya ba ya isa sai da ɗaya. Kada kuma a ruɗe mu a ce itace maganin kome ne. Madatsar da ba a gyara ba za ta ɓalle ko da an kewaye gari da kurmi.

Wani kuma zai ce, "Ai ba mu muka ɓata yanayin duniya ba." Wannan ma gaskiya ne. Afirka duka, hayaƙin da ta ke fitarwa wajen kashi 4 ne cikin 100 na duniya. Ƙasashen da suka yi arziki da kwal da fetur akwai hakkinmu a wuyansu, har a taron da aka yi a Masar a 2022 an yarda a kafa asusun taimakon ƙasashen da abin ya yi wa ɓarna. Neman wannan hakki daidai ne. Amma hayaƙin Ingila da Amurka bai zo ya cike kududdufin unguwarmu ba, bai sare durumin kasuwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In za mu ce wa manyan ƙasashe, "Kun ci riba, kun bar mu da ruwa," to, kada mu yi wa na ƙasa da mu abin da mu ke kuka an yi mana.

Abin da wasu birane suka gwada

Abin mamaki, dabarar da mu ke binnewa ita ce manyan ƙasashe ke kashe kuɗi suna tonowa. A ƙasar Sin, bayan sun shafe biranensu da siminti ambaliya ta dame su, sai gwamnati ta fito da shirin da suka kira birni mai kama da soso, watau birnin da zai sha ruwa ya riƙe, sa'an nan ya sake shi a hankali. A 2015 aka fara da birane 16, a 2016 aka ƙara 14. Suka haƙa tafkuna a tsakiyar gari, suka mai da bakin kogi fadama, suka shimfiɗa daɓen da ruwa ke ratsawa. Duk da haka, a Yuli 2021 aka yi ruwan milimita 200 cikin sa'a guda a birnin Zhengzhou, ninki huɗu na wanda muka yi lissafi da shi, ya fi ƙarfin duk abin da aka tanada, mutane da yawa suka halaka. Ko soso ma yana da iyakar abin da zai sha. Sabo da haka tilas a haɗa da gargaɗi tun da wuri, da tudun da mutane za su gudu su fake.

A Firitawun, babban birnin Saliyo, an yi ta sare dajin kan duwatsu ana gini. Ran 14 ga Agusta 2017, bayan ruwa mai yawa, gefen dutse ya zabtaro ya binne unguwa, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. A 2020 magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ɗaura aniyar dasa itace miliyan guda. Abin koyi a shirinta shi ne ba a dasa a tafi. A kan ɗauki mutanen unguwa aiki, ko wane itace a ɗauki hotonsa da waya a san inda ya ke, mai renonsa ya riƙa komowa yana ba shi ruwa, a biya shi ladan reno.

Wa zai ɗauki nauyi?

In mun yarda kududdufi yana yi wa gari duka aiki, to, ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya asararsa. Wanda ya gaji irin wannan wuri, ko ya saya da gaskiya, aka ce kada ya gina, sai a biya shi diyya ko a musanya masa da wani fili. Hukuma kuwa, abin da ya fi kome wajaba a kanta shi ne ta ƙirga kududdufai da hanyoyin ruwa, ta sa su a taswira, ta sanar wa kowa, kada kuma ita da kanta ta yanka ta sayar. In za a ta da waɗanda suka riga suka zauna a hanyar ruwa, a fara nuna musu inda za su koma kafin a kawo motar rusau. Dokar kuma ta hau kan kantin mai kuɗi kamar yadda ta ke hawa kan ɗakin talaka. In an rushe na talaka aka bar na babba, ruwan bai sami hanya ba, mutane kuma sun koyi cewa dokar wasa ce.

Inuwa ma tana da rabo, rabon kuwa bai yi daidai ba. Ka shiga unguwannin da aka yi wa Turawa a zamanin mulkinsu, kamar Nasarawa a Kano, ka ga manyan itatuwa. Sa'an nan ka shiga sababbin unguwannin da talakawa suka cunkushe, ka yi tafiya mai nisa ba ka sami inda za ka tsaya ka share gumi ba. Mai na'urar sanyaya ɗaki shi ke da inuwa, wanda ko fanka ba shi da ita shi ke cikin rana. In za a dasa itace da kuɗin jama'a, a fara da inda zafi ya fi kisa: makarantu, da asibitoci, da tashoshi, da kasuwanni, da lungunan talakawa. In ba haka ba, kuɗin talaka ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Mai durumi fa? Shi ma ya rage wa unguwa wani abu, amma ba a auna shi da mudun attajiri, gama ɓarnarsa kaɗan ce, kuma bukata ce ta kore shi. Waɗanda suka shekara talatin suna shan inuwar nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ya kwana, su ma suna da nasu laifi. Da sun zauna da shi, watakila da an rage reshe an kafa shagon a gindin itacen, mai ciniki ma ya fi son inuwa. Tun da ya riga ya sare, abin da ya rage a kansa ya dasa wani, ya rene shi har ya fi ƙarfin akuya.

Dasawa da reno

Kowa ya san yadda a kan yi bikin dashen itace: a zo da manya, a ɗauki hoto, a watse, kafin kaka awaki sun gama da shi. Har babban aiki ma ya kan lalace haka. A 1965 aka fara dasa wani daji na dogonyaro a gefen Yamai, don ya tare wa birnin iska da ƙura. Ya girma ya yi kyau. Amma da gari ya faɗaɗa, aka yi ta gutsurarsa, wannan ya yanki fuloti, wancan ya zuba shara, wani ya sari itacen wuta, har babban sashe ya tafi. Na kowa ne, sabo da haka ba wanda ya ji zafinsa.

Ka gwada wannan da abin da ya faru a karkarar Maraɗi da Damagaram. Dā manomi yana ganin itacen da ke gonarsa na ma'aikatan daji ne, in ya taɓa a ci shi tara, sabo da haka ya kan kashe shi tun yana tsiro. Daga wajen 1984, da manoma suka koyi barin tohon kututture suna yi masa aski, suka kuma tabbata itacen nasu ne, su za su ci amfaninsa, sai gawo da kalgo da sabara suka komo. Masana sun ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibinsu ba dasa su aka yi ba, renonsu aka yi.

A nan mai karatu zai ce, "Ka ce ikon mai fili yana da iyaka, yanzu kuma ka ce mallaka ce ta ceci itace. Wanne za mu ɗauka?" Duka biyu. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai tsaronsa, ya kan mutu a tsaye. Abin da aka ce na mutum ɗaya ne, ba mai ce masa kul, ya kan tafi kasuwa ran da aka taya da tsada. Abin da ke rayuwa shi ne wanda aka san mai riƙonsa da suna, yana cin amfaninsa, amma ya san akwai iyakar da ba zai ƙetare ba. Wannan shi Hausawa ke kira amana. Kududdufin unguwa ya zama a hannun jama'ar unguwa, su zuba kifi, su yi lambu a bakinsa, kuɗin ya shiga asusunsu, amma ba su da ikon cikewa. Itacen bakin titi a damƙa shi ga mai shagon da ke kusa, shi zai sha inuwa, shi za a tambaya in ya bushe.

Amsar tambaya

Yanzu mu koma ga maganar da muka fara da ita. "Filina ne" gaskiya ce. "In yi abin da na ga dama" ita ce ba ta cika ba, gama ruwan da ya sauka a filinka da zafin da ya tashi daga rufinka ba su tsaya a iyakarka ba. Kana da ikon gini, da saye, da sayarwa, da gādo. Ba ka da ikon ka tura wa wani ruwan da filinka ya saba sha, ba tare da ka yi masa wata ma'ajiya ba. Maƙwabtan nan kuwa har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, don kududdufin da aka yi bene a kansa da wuya ya komo, rimin da aka sare yau kuwa jikanka ma ba zai ga kamarsa a wurin ba. Mu ma inuwar da mu ke sha, waɗanda suka dasa ta ba su san sunanmu ba.

Ba sai ka zama hakimi ko injiniya za ka sa hannu ba. In za ka daɓe tsakar gida, bar wani sashe ƙasa, ka dasa dogonyaro ko mangwaro ko zogale, ka kange shi da ƙaya. Ka tari ruwan indararo a duro ko a tanki, ka rage wa titi, ka kuma huta da sayen ruwa kwana biyu. Kada ka zuba shara a kwata. Kafin damina ku yi gayya ku yashe ta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In ka ji ana cinikin kududdufin unguwarku, kada ka yi shiru. Ku taru ku je wurin mai unguwa, ku rubuta takarda zuwa ga hukuma, ku sa hannu, ku ajiye kwafi. Ga amfanin karatun da ka sha wahala ka koya.

Abu na ƙarshe mai sauƙi ne. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗauke, ka naɗe wando ka bi ruwan da ya fita daga gidanka da ƙafa. Ka bi shi lungu lungu har inda ya tsaya, ka ga ƙofar da ya kwana, ka gai da mai gidan, ka tambaye shi yadda suka ji da ruwa. Abin da zai gaya maka shi ne sauran amsar.